Wajen Hajiya a Gombe: tuwon ya kai, amma ina za ta kafa murhu in ofisoshi sun tashi?

Masu yawan tambaya a ina mutum zai ci tuwon rana mai kyau a cikin Gombe ba tare da ya taɓa kuɗin cefanen gida ba, to ga amsata kam, wajen Hajiya. Wurin ba allo ba suna a rubuce, kowa wajen Hajiya yake cewa, rumfar kwano ce da aka haɗa da ɗaki ɗaya a bayan layin wasu ofisoshin gwamnati, duk masinja ko direban da ka tambaya a kewayen zai nuna maka. Ni ɗan shagon fotokwafi da buga takardu gare ni a layin, don haka abincin ranata a wajenta yake, abin da zan faɗa da bakina na ci ba labari aka ba ni ba.

Bari in fara da tuwon shinkafa da miyan taushe don shi ya riƙe gidan. Tuwon tana tuƙa shi ya yi laushi amma ba ya cakuɗewa a hannu, kuma shinkafar gida take amfani da ita ta wajen Dadin Kowa, ba ta buhun kanti ba. Miyar kuwa ba irin wadda ake cika wa ruwa a jefa kabewa yanka biyu a ce maka taushe ba ce, a'a, kabewar ta dahu ta narke har ita ce kaurin miyar, ga gyaɗa an daka ba a yi rowarta ba, ga 'yar yakuwa da take ba ta ɗan tsami-tsami, alayyaho kuma sai an kusa saukewa take zubawa shi ya sa za ka gan shi kore shar. In ta zuba maka sai ta jawo wani kwanon sha mai murfi da take ajiyewa kusa da ƙafarta, ba ta yarda yaran su taɓa shi, ta ɗebo man shanu da ƙaramin cokali ta ɗiga a tsakiya, kana kallo yana narkewa yana bin gefen malmalar. Wallahi ƙamshin nan kaɗai ya isa ya sa wanda ya ce ya ƙoshi ya nemi wurin zama.

Miyan kuka da tuwon masara shi ne na biyu a wajena, daddawa ta ji, busasshen kifi ya ji, ba gudaje. Akwai ɗanwake da safe, akwai shinkafa da wake da mai da yaji ga masu sauri, ran Juma'a kuma sai masa, kuma masar nan duk da dai 'yan'uwanmu na Bauchi ba sa yarda a ce wani ya iya ta bayan su, ta Hajiya ba za ta ba ka kunya a gabansu ba, gefen ya soyu ciki kuma lallausa ba tsamin da ya wuce kima. Shinkafa dafa-duka ce dai ban ba ta maki ba, wani lokaci ta yi maiƙo da yawa wani lokaci gishiri ya gaza, da alama yaran ake bar wa ita. Da naira 1,500 za ka tashi da ƙoshi har da yankan nama, in ba nama kuma ƙasa da haka sosai. Farashin ya hau ba sau ɗaya ba tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, amma abin da na yaba mata shi ne ta gwammace ta ƙara kuɗi ta faɗa maka a fili da ta rage girman malmala a ɓoye.

Inda wurin ya gaza ma zan faɗa, don ita kanta na faɗa mata. Zafi. Watan Maris da Afrilu in ka zauna ƙarƙashin kwanon nan da ƙarfe ɗaya ga hayaƙin itace yana shigowa, kafin ka gama ci rigarka ta jiƙe. Bencuna sun yi kaɗan, ɓangaren mata ɗan labule ne kawai da tabarma, mata ma'aikata da yawa sun fi so a zuba musu a kula su koma ofis. Yankan naman ya ƙanƙance. In jama'a suka yi yawa yaran sukan rikice, ka ce kuka a kawo maka kuɓewa. Taransifa tana karɓa amma sai ka tsaya alat ya shigo wayar jikanta, in netwok ya ƙi kuwa sai haƙuri. Miyan taushe kuma da wuya ta kai ƙarfe biyu.

Sai ruwa, kuma a nan ne maganar da ta sa na zauna rubuta wannan dogon bayani ta fara. Ruwan wanke hannu a buta ake ba ka, yarinyar da ke zubawa tana yi tana ƙididdigewa, farkon zuwan mutum zai ɗauka rowa ce. Ba rowa ba ce. Famfon layin ba kullum yake kawowa ba, duk ranar da bai zo ba kura-kura take saya wajen masu turo jarkoki, na girki daban na wanke-wanke daban, kuma ta ce min bayan itace da nama ba abin da ke cin ribarta kamar ruwa. Kowa a garin nan ya san daga madatsar Dadin Kowa ake turo mana ruwa, tafiyar kusan kilomita 40, tun zamanin Gwamna Ɗanjuma Goje aka jawo shi, amma garin da aka yi wa lissafi a lokacin ba shi ne na yau ba, Gombe ta tumbatsa ta shiga ƙasar Akko ta wajen Tumfure, ta taɓa Kwami, ta taɓa Yamaltu Deba, unguwanni sababbi kullum fitowa suke bututu bai bi su ba.

To ana cikin wannan sai ga maganar tashin ofisoshi. Gwamnatin Inuwa Yahaya ta ɗauko aikin gina sabuwar sakatariya da majalisar dokoki da babbar kotu duk a fili guda, aikin biliyoyin naira, wanda ma'anarsa dai wata rana ma'aikatun da ke warwatse cikin gari za su tattara su koma can. Ba wanda ya ce za a ɗauke babban birnin jiha daga Gombe, a fahimce ni, amma ga wanda abincinsa ke bakin get ɗin ofis, tashin ofis daga layinsa zuwa wani gefen gari da tashinsa zuwa Kumo ko Bajoga kusan duk ɗaya ne, kwastoma dai ya tafi. Shi ya sa yanzu a bencin Hajiya ba a gama cin tuwo ba a taɓo zancen ba, har samarin da ke zuwa suna cewa ai gara ma a yi mai gaba ɗaya, a fitar da hedikwatar daga Gombe a kai wani gari a gina sabon birni tun daga tushe, Gombe ta huta da cunkoso, wani yankin ma ya samu ci gaba.

Akwai wani dattijo mai ritaya da ba ya fashin zuwa, Baba muke ce masa, a Bauchi ya fara aiki tun muna jiha ɗaya. Shi ne ranar nan ya aje cokali ya ce da wani saurayi, yaro, kai kana ganin ƙaura sabon abu ne a ƙasar nan? Wannan Gomben da kake zaune ita ce ta uku. Kuma gaskiyarsa ne. Buba Yero, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya karɓo tuta, a Gombe Abba ya kafa hedikwatar masarautar, can ƙasar Dukku ta yau kusa da kogin Gongola. Da Turawa suka zo suka ci ƙasar, a 1913 suka mayar da hedikwata Nafada, ba a daɗe ba a 1919 suka sake ɗauke ta suka kawo Doma, nan inda muke, don ya fi zama tsakiya kuma ya fi kusa da ƙasar Tangale da Waja. Daga baya auduga ta zo, jirgin ƙasa ya iso a 1963, kasuwar hatsi ta bunƙasa, gari ya zama gari. Sai Baba ya ce, to ka je Gombe Abba yau ka gani, kabarin Modibbo Buba Yero yana nan, daraja tana nan, amma kasuwa da hanya da asibiti sun bi sarauta sun taho. Ba ya faɗa ne don a ce Turawa sun yi kuskure da zaɓen Doma ba, yana nuna cewa duk inda aka ɗauke kujera akwai waɗanda ake bari a baya, kuma shekara ɗari ta wuce ba a gama biyansu ba.

Ya kuma ba mu labarin 1996, da Abacha ya yanke jihar Gombe daga Bauchi ranar 1 ga Oktoba. Ya ce murna kam an yi ta, amma da aka raba ma'aikata aka ce 'yan Gombe kowa ya koma gida, sun iso ba ofis ba gidan zama, wasu a gidan 'yan'uwa suka sauka da iyali, wasu iyalin suka bari a Bauchi suna zirga-zirga duk ƙarshen mako, ma'aikatu kuma aka cusa su duk inda aka samu gini. Ya ce asalin warwatsuwar ofisoshin da ake kuka da ita yau ke nan. Hajiya daga bakin murhu ta ce, Alhaji ai a shekarun nan na fara kawo abinci a kan tire, da na ga baƙi sun cika gari ba mai dafa musu. Ka ga ita ma ƙaura ce ta kafa ta, ƙaura kuma ke shirin tayar da ita.

Ni a nawa ganin masu cewa a haɗa ofisoshi wuri ɗaya suna da hujja, kuma ina ganinta kullum a shagona. Mutum zai taso daga Nafada ko Talasse ko Boh tun asuba, tsoho ɗan fansho ko malamin firamare, da fayil a leda, ya zo wannan ofis a ce sai ya kawo sa hannu daga wancan, ya hau Keke Napep ya tsallaka gari, a can a ce mai sa hannun ya tafi mitin a wata ma'aikatar, kafin ya dawo an tashi, dole ya kwana a Gombe ko ya sake biyan kuɗin mota wani satin. In da komai a harabar guda yake da ƙafa zai gama zagayensa kafin azahar. Jiha mai ƙananan hukumomi 11 da ta doshi shekara talatin ta cancanci sakatariya ta kanta, wannan ban musa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce kuɗin ƙaura shi ne kuɗin siminti da rodi da ke cikin takardar kwangila. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi sauƙin ƙirgawa kawai.

Ku zo ku ga littafin Hajiya ku gane abin da nake nufi. Wani tsohon littafi ne mai bangon kwali, gefensa duk ya sha manja, jikanta ke rubutawa in ya dawo daga makaranta. Kowane shafi sunan mutum ne da ofishinsu, ƙasa kuma 'yan layuka, tuwo, tuwo da nama, shinkafa, har wata ya ƙare. Masinjoji ne, masu shara, masu gadi, direbobi, ƙananan akawu, mutanen da albashinsu bai wuce mafi ƙarancin nan na dubu saba'in da 'yan kai ba, wanda kafin ashirin ga wata ya ƙare. Suna ci bashi, ran da alat ya shigo su zo su biya a ja layi a buɗe sabon shafi. Ba takarda ba shaida, abin da ya riƙe littafin nan shi ne ta san ofishin kowa, ta san ogansa, wasu ma ta san matansu, kuma kullum sai sun wuce ta gabanta. Na tambaye ta, Hajiya in an tashi fa? Ta ce ɗan nan, in na bi su ban san ko za a bar ni in kafa rumfa ba, in aka ce sai shago na haya a cikin get kuɗinsa ya fi ƙarfina, in na zauna nan kuma wa zan dafa wa? Yara mata da ke mata aiki, mai kawo itace, mai turo ruwa, mahaucin da ke aje mata nama, Bafulatanar da ke kawo man shanu da kindirmo, duk a tukunyar nan suke ci. Ni ma da injin fotokwafina haka. Ba wanda ya zo ya ƙirga mu, kuma na tabbata a kowane layin ofis a garin nan akwai irin wannan Hajiyar.

Ƙaramin ma'aikaci ma da sauran lissafi a gabansa. Wanda yake zaune Jekadafari ko Bolari ko Herwagana yana takowa ofis da ƙafa ko hawa ɗaya, in wurin aiki ya yi nisa hawa biyu ne zuwa biyu dawowa, a farashin man yau, daga albashin da na faɗa. Ya ce zai koma kusa kuma, to tun kafin a aza bulo na farko masu kuɗi sun riga sun saye filayen kewaye, haya ta tashi. Manomin da aka karɓi gonarsa ko an biya shi diyya kuɗi ne da ke ƙarewa, gona kuwa kowace damina tana bayarwa. Sannan sabon wuri sai an kai masa titi, an kai wuta, an kai ruwa, kuma ruwan nan dai daga bututun da bai ishi Pantami da Arawa da Kagarawal ba za a tsakura. Tsofaffin gine-ginen da za a bari su ma tambaya ce, za su zama makaranta ne ko asibiti, ko za a wayi gari an ce an sayar.

Su kuma samarin nan masu cewa a fitar da babban birnin gaba ɗaya, na ce musu su leƙa Jigawa. Zamanin Saminu Turaki an rarraba ma'aikatu zuwa garuruwan masarautu da niyyar kowane yanki ya ɗanɗana, niyya mai kyau a baki, amma fayil ya koma yawo a mota daga gari zuwa gari, Dutse kuma ta kasa tsayawa da ƙafarta a matsayin hedikwata. Da Sule Lamido ya hau a 2007 sai ya tattaro su ya maido Dutse. An biya kuɗin tafiya an biya na dawowa. Abuja ma da ake misali da ita, Murtala ya yanke shawarar a 1976, sai 12 ga Disamba 1991 Babangida ya tare, shekara 15, da kuɗin man fetur na ƙasa baki ɗaya, kuma har gobe Gwarawa 'yan asalin wurin suna maganar diyya da matsuguni. In tarayya ta sha wannan, jihar da ke jiran kason wata-wata daga Abuja da me za ta gina sabon birni?

Wani malamin jami'a da yakan zo cin masa ran Juma'a ya ƙara mana da wani misali da ya tsaya min a rai. Ya ce a jihar Alaska ta Amurka babban birninsu Juno ko hanyar mota ba ta shiga, sai jirgin sama ko na ruwa, mutane suka kaɗa ƙuri'a a 1974 cewa a ɗauke shi, har aka zaɓi sabon wuri, amma da aka kawo musu lissafin kuɗin a 1982, wajen dala biliyan 2.8, aka ce to ku amince a kashe, sai suka ce a'a. Har yau birnin yana inda yake. Abin da ya burge ni ba ƙin da suka yi ba ne, a'a, yadda aka baje musu kuɗin a faifai aka tambaye su. Mu a nan sai dai mu ji a rediyo an amince da kaza, ba mai cewa ga abin da za a fasa yi saboda shi.

Don kowace naira da aka sa a gini akwai inda aka hana ta zuwa, wannan ko Hajiya da ba ta yi boko ba ta sani, in ta sayi sabuwar tukunya a wata to a watan ba za ta gyara rufi ba. Garin nan yana da kwarurruka da ke cin gidajen mutane duk damina, an yi aiki a wasu da tallafin Bankin Duniya kuma wanda ya ga yadda suke da ya san an yi ƙoƙari, amma saura suna nan, akwai masu kwana ido biyu in hadari ya haɗu. Akwai ajin firamare da yara ke zaune a ƙasa. Akwai ƙauyen da mai naƙuda sai an ɗora ta a mashin. An yi tituna a ƙananan hukumomi, ban hana ba, na hau wasu da kaina, amma wanda ya sayi ruwan kura yau da safe in ka ce masa ga hoton sabuwar majalisa ba lallai ya taya ka murna ba, kuma ba hassada ce ta hana shi ba.

To ni matsayina, tunda an riga an fara, a gama shi da kyau, gini da aka yi watsi da shi rabi ya fi kowanne asara. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu ya kamata a ware fili a gefen sabuwar sakatariyar, a yi rumfuna masu araha da famfo da makewayi, a fara ba waɗanda suka shekara suna ciyar da ma'aikata a tsofaffin layuka kafin a ba 'yan'uwan manya. A sa motocin ma'aikata masu sauƙin kuɗi daga cikin gari. A faɗa wa jama'a a fili me za a yi da tsofaffin ofisoshi, ni da za a ji tawa a mai da wasu ajujuwa da ƙananan asibitoci, layin ya ci gaba da samun jama'a. Kuma duk bututun da za a ja zuwa can a tabbatar unguwannin da ya ratsa sun sha. Maganar ɗauke babban birni daga Gombe ɗungurungum kuwa, ina roƙon samarinmu su bar ta, abin da Dukku da Nafada da Balanga da Shongom ke nema ba gidan gwamnati ba ne, likita ne da malami da ruwa da hanyar kai amfanin gona kasuwa, kuma ana iya kai musu waɗannan da kaso kaɗan na abin da sabon birni zai ci.

Na faɗa wa Hajiya su haɗa kai da sauran masu abinci da masu shaguna na layin su rubuta takarda tun wuri, ni zan buga musu kyauta, a kai inda ya dace ta hannun mai unguwa da kansila. Ta ce za ta yi magana da sauran matan, Baba kuma ya ce shi zai duba musu rubutun tunda ya san yadda ake shigar da takarda ta isa teburin da ake so. A yanzu dai tana tunanin in lokacin ya zo ta bar babbar 'yarta a nan da ƙaramar tukunya saboda 'yan kasuwa da masu gareji, ita kuma ta gwada can, in an samu wuri.

Ga mai son zuwa, Litinin zuwa Juma'a take yi, Asabar da Lahadi ba ta fitowa tunda ofisoshi a rufe suke. Ɗanwake daga wajen ƙarfe takwas na safe, tuwo yana sauka kafin sha biyu, in taushe kake so ka zo kafin azahar, masa kuma ran Juma'a kafin a tafi masallaci ta ƙare. Ka riƙo tsabar kuɗi ko da kaɗan ne saboda netwok, in da hali ka zo da kularka ka tafi da shi inda ya fi sanyi, musamman lokacin zafi. Tana karɓar aikin suna da walima ma, amma sai ka faɗa mata da kwana biyu kuma ka ba da rabin kuɗi, don ta ce ba ta dafa taushe da kabewar da ba ita ta zaɓo da hannunta ba.